Wayar Keken Malam Buba

Kullum kuna zaune a kan bencin nan kuna kallon hannuna, kuna cewa sa wa keke fitila ai ba aiki ba ne. Waya biyu ce, ja da baƙa, a haɗa a naɗe da salatif, shi ke nan. Jiya ma na ji ɗayanku yana cewa in aka miƙa masa filaya da hantsi, kafin la'asar ya ƙware. Ban yi masa musu ba. Ni ma na taɓa raina aikin nan, kuma lokacin da na raina shi ba yaro ba ne ni, ina da gemu, ina da iyali, ina da shago da sunana a jiki.

A Gwammaja na koyi gyaran keke, wurin Baba Iro, ƙarƙashin wata dalbejiya da yanzu an sare ta an yi shaguna. Shekarata ta farko ban taɓa komai ba sai famfo da bokitin ruwan da ake neman huji a ciki. A ta biyu ya yarda na yi faci. Sai da na kusa shekara huɗu kafin ya bar ni na taɓa wayar fitila, kuma fitilar lokacin ta dainamo ce, wadda take gugar taya, in ka taka da ƙarfi ta yi haske, in ka tsaya ta mutu. Haskenta ja-ja, bai fi ya nuna maka akuya kwance a gabanka ba.

Aikin waya na farko da na yi, na keken wani malamin firamare ne. Wayar ta tsinke a wuyan keken. Na fere bakin biyu, na murɗa su da yatsa, na naɗe. Baba Iro ya zo ya sa ɗan yatsa ɗaya ya fizga, ta rabu. Ya nuna min kaskon gawayi da haɓa. Yana da wani ƙarfen liƙi mai kan jan ƙarfe da mariƙin itace, wanda ake cusawa cikin garwashi har ya yi zafi, sannan a narka dalma da shi a kan mahaɗin. Na hura wuta, na liƙa, ya fizga, ta rabu, don ban kankare wayar ta yi fes ba. Na sake. A karo na uku ya ja har keken ya gusa, ba ta saki ba. Ya ce, “To, yanzu ka haɗa. Wanda zai hau keken nan ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin salatif. Kai kaɗai ka gani.” Ranar da ya sallame ni na buɗe nawa wurin a Dukawuya, wannan ƙarfen ya ba ni, da sufana biyu da filaya.

Na yi shekaru ina faci da ɗaurin birki da miƙe wili kafin farar fitilar nan ta shigo. A kan babura da motoci muka fara ganinta, mai haske fari fat kamar na walda. A kwalinta an rubuta HID, mu dai farar wuta muke ce mata. Wani abokina bakanike ya ciro guda daga babur da ya yi hatsari, ya ce ko zan yi wani abu da ita. Na kwana biyu ina juya ta. Ƙwanta ba irin wanda muka sani ba ne, babu ɗan siririn zaren nan da yake yin ja a ciki. Iskar gas ce a kulle a gilashi, wuta take tsallakawa a cikinta. Tana zuwa da wani ɗan akwatin ƙarfe da ake kira balas, shi yake ɗaga wutar batir ta yi ƙarfin da za ta tsallaka. Na samo batirin babur na ɗaure a kariya, wurin ɗora kaya na bayan keke, na maƙala balas ɗin a ƙarƙashin sirdi, na ja waya zuwa gaba. Da na kunna bayan sallar magariba, sai da mutanen lungunmu suka fito daga zauruka. Ana ganin layin bulo a katangar da ke can ƙarshen layi. Tun daga ranar aka daina ce min Habu mai faci, aka koma Habu Rana.

Fitilar tana da halaye, kuma duk a jikina na koye su. Ba a taɓa gilashin ƙwan da hannu, maiƙon yatsa yana fasa shi in ya yi zafi. Ba a kama wayar balas tana kunne. Na kama sau ɗaya, na tsinci kaina zaune cikin bokitin faci, hannuna ya wuni yana rawa. Dole a sunkuyar da kanta ƙasa, in ba haka ba duk wanda ya taho ta gabanka a lungu ka makantar da shi. In ka kunna ba ta kamawa gaba ɗaya, sai ta fara da shuɗi-shuɗi, ta yi ta ƙaruwa har ta yi fari.

Sai hali na ƙarshe, wanda shi ne nake so ku riƙe. Tsohon ƙwai, in waya ta ɗan saki ta koma, ƙiftawa kawai zai yi ya dawo. Farar wuta ba haka take ba. In wuta ta yanke mata ko na ƙiftawar ido ne, mutuwa take yi ɗungurungum, kuma in da zafinta ba ta yarda ta sake kamawa nan take, sai ta ɗan huce. Shi kuwa idon da ya saba da wannan hasken, in aka ɗauke masa shi farat ɗaya, ko tafin hannunsa ba ya gani. Na san wannan sarai. Na gwada a shagona ba sau ɗaya ba.

Masu sayenta ba 'yan gayu ba ne, kamar yadda za ku zata. Masu fita da duku-duku ne: masu raba biredi, masu gadi, mahauta, masu kai ƙanƙara, 'yan dako da ke zuwa tarar motocin kayan gwari. Mutanen da kekensu shi ne abincinsu. Shekara biyu ina yi musu aiki mai kyau, kowane mahaɗi da dalma, da ƙarfen liƙi na lantarki da na saya na jefa na Baba Iro cikin akwati.

Sai shekarar da taransifomar unguwarmu ta ƙone a farkon damina. Wata da watanni babu wuta. Lunguna suka yi duhu, ga taɓo, ga ramuka cike da ruwa, kowa yana son farar wuta. Da safe kafin na buɗe shago kekuna sun yi layi. Ƙarfen liƙina na lantarki ya zama sanda. Na ɗauko na Baba Iro, na yi aiki da shi kamar sati biyu. Amma gawayi yana jiƙewa, hura shi yana cin lokaci, ƙarfen yana hucewa kafin ka gama mahaɗi biyu, mutane kuma suna tsaye a kanka suna cewa, “Malam Habu, rana tana yi.” Wata rana na murɗa waya da filaya, na ja na ji ta kama, na naɗe. Fitila ta kama fes. Mai keke ya yi godiya ya tafi. Washegari na yi wa mutum uku haka. Daga nan ban sake hura gawayi ba.

A cikin wannan layin Malam Buba ya zo. Bafulatani ne, gidansu yana gindin Goron Dutse, sun daɗe da zama a gari amma suna da shanu a garke can bayan gari. Shi ne mai tatsa. Kullum da an sallame asuba zai ɗaura garewani biyu a keke ya tafi, ya tatso madara ya kawo wa masu shayi da matan da ke yin kindirmo. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Wansa ne ya kawo shi, Alhaji Sambo, wanda yake shi ne babba a gidan kuma shi yake da ta cewa a kan shanun. Alhajin ya ce, “Ka sa masa irin mai ƙarfin nan. Hanyar ta lalace, ba na so ya zubar mana da madara.”

Na ɗaura komai, na murɗa wayar da ta tashi daga batir zuwa makunni daidai wuyan keken, na naɗe da baƙin salatif. Na gaya wa Malam Buba kada ya taɓa gilashi, kada ya bar ruwa ya shiga balas, kuma kullum ya kai batir wurin mai caji. Ya saurara da kyau, ya ce na maimaita masa, na maimaita. Ya ce, “Akwai saura?” Na ce babu. Ban gaya masa abin da take yi in ta mutu da zafinta ba. Ban gaya wa kowa ba a shekarar, don kada a ce kayana suna da aibi.

Abin da murɗaɗɗiyar waya take yi shi ne, farar wuta tana jan wuta da yawa lokacin kamawa, sai mahaɗin ya yi zafi. Yau zafi, gobe damshin damina, sai ya yi baƙi, ya fara sakin jiki. Ba a rana ɗaya yake nunawa ba. Na Malam Buba ya kai wajen sati bakwai.

Da hantsi labarin ya iske ni. Yana gangarowa daga unguwarsu bayan asuba, gari bai waye ba, ga hadari ya rufe sama, ya taka wani ɗan tudun siminti da aka yi a kan bututun ruwa. Fitila ta ɗauke. Ya danna makunni, ba ta kama ba. Keken yana gudu a gangare, bai ga komai ba, ya faɗa cikin babbar magudanar ruwa ta bakin titi. Hannunsa na dama ya tokare da gefen siminti, ya karye a wuyan hannu, ƙashin ya fito.

Na je dubiya a rana ta biyu, bayan la'asar. An shimfiɗa masa tabarma a zaure, hannun a ɗaure da karare, mai ɗori ya riga ya yi aikinsa. Zauren cike da mutane, maƙwabta da dangi, ga 'ya'yansa maza biyu manya suna zuba wa baƙi ruwa. Keken yana jingine a bango, wilin gaba ya lanƙwashe. Ina shiga idona ya sauka a kan wuyan keken. Salatif ɗin ya kumbura, ya narke ta gefe ɗaya. Duk mai sana'ar da ya ga wannan ya san abin da ya faru. Na je na zauna daidai inda bayana zai tare shi.

Bayan gaisuwa da jaje, Alhaji Sambo ya juyo ya ce, “Yawwa, Malam Habu, gara da ka zo. Me ya sami fitilar nan? Ya ce mutuwa ta yi haka kawai.”

Na ce, “Alhaji, irin wannan fitilar ba ta mutuwa haka kawai. In ka ga ta ɗauke, batir ne ba a yi masa caji ba.”

Malam Buba ya ɗago kai daga filo. Ya ce, “Hamma, na kai shi caji. Da kaina na karɓo shi da yamma.” Hamma suke ce wa babban wa a gidansu.

Alhajin ya ce, “Ga mai sana'a yana faɗa, kana faɗa? Kullum haka kake, Buba. Abu kaɗan aka ce ka kula da shi, ka kasa. Yanzu wa zai yi tatsar? Ka jawo wa kanka, ka jawo mana.”

Malam Buba ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kansa kan filo. Babban ɗansa ya ajiye butar da ke hannunsa ya fita. Ni kuwa na shanye ruwan da aka ba ni, na yi addu'ar Allah ya ba shi lafiya da babbar murya, aka shafa, na tashi.

Kwana tara ina zuwa shago ina aiki. Na sayo gawayi na koma liƙi, ban gaya wa kowa dalili ba. Na ɗauka in na gyara daga yanzu, ya wuce.

A rana ta goma aka ce Baba Iro yana nemana. Lokacin ya tsufa, ya bar bakin titi, sai dai yana miƙe wili a ƙofar gidansa, don har ya rasu babu wanda ya kai shi wannan a Gwammaja. Ashe 'ya'yan Malam Buba can suka kai keken. Na same shi zaune a kan buhu, keken a kife a gabansa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa da sakin fuska ba. Ya ɗauki guntuwar waya ya taɓa kan batirin, wuta ta yi tartsatsi.

Ya ce, “Kwana goma sha biyu yana ajiye, ka ga abin da ya rage a cikinsa. Wannan ne batirin da ba a yi wa caji ba?”

Ya ajiye wayar gefe.

Ya ce, “Miƙo hannunka.”

Na miƙa. Ya sa min wani abu a tafin hannu. Mahaɗin ne, ya yanko shi da salatif ɗinsa, ya ɓare. Bakin wayar biyu sun yi baƙi ƙirin, silin da ya rage yana riƙe da su bai fi uku ba.

Ya ce, “Ina ƙarfen da na ba ka?”

Na ce, “Yana nan, Baba.”

“Gawayi ne ya ƙare a Kano?”

“A'a, Baba.”

Ya daɗe yana juya wilin da hannu yana kallon inda ya karkace. Sannan ya ce, “Murɗin nan ganganci ne, kowa yana iya yin ganganci. Amma an ce min ka zauna a zaurensu, mutum yana kwance da karaya, ka ɗora masa laifi. Habu, a wurina ka koyi wannan?”

Na ce, “Baba, zan je na same shi shi kaɗai na ba shi haƙuri.”

Ya ce, “Shi kaɗai ka same shi ranar da ka faɗa? Inda ka ajiye maganar, can za ka je ka ɗauke ta. Kuma da la'asar, lokacin da mutane suke nan. Mutum nawa ka yi wa irin wannan?”

Na ce ban ƙirga ba. Ya ce to na je na tuna.

Washegari na je. Zauren bai cika kamar farko ba, amma akwai mutane, Alhaji Sambo yana nan, 'ya'yan suna nan. Ban zauna ba. Na durƙusa a tsakiya na ajiye mahaɗin da Baba Iro ya yanko a kan tabarma. Na ce batirin cike yake, Malam Buba ya yi duk abin da na ce ya yi. Na ce ni ne na murɗa waya ban liƙa ba, kuma ranar da na zo dubiya na ga alamar da idona kafin na buɗe baki. Sai da wani dattijo ya ce na ɗaga murya, ba sa ji. Na sake faɗa daga farko.

Alhaji Sambo ya tashi tsaye. Na ɗauka marina zai yi, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya juya wajen ƙaninsa, ya cire hularsa ya mayar. Mutum mai furfura, babban gida, na sa shi yana neman kalmar da zai ba ƙaninsa haƙuri a gaban 'ya'yansu. Da ƙyar ya ce, “Buba.” Malam Buba ya ce, “Ya wuce, Hamma. Zauna.”

Sannan ya dube ni. Ya ce, “Malam Habu, hannun na yafe maka tun ina cikin magudanar. Faɗuwa tana kan kowa. Maganar da ka yi a gaban yarana, ita ce zan ɗan ɗauki lokaci.”

Na ce, “Na gode, Malam.”

Hannun ya warke amma yatsun ba su koma suna dunƙulewa ba. Mai tatsa kuwa da yatsu yake ci. Bai sake tatsar saniya ba. Babban ɗansa ne ya bar ɗinkin da yake koyo ya karɓi hanyar garke. Shi Malam Buba yana zama a ƙofar gida yana auna wa mata madara da hannun hagu. Har yau in na wuce muna gaisawa, yana tambayata iyali. Keken gidansu dai bai sake zuwa shagona ba, kuma ban taɓa tsammanin zai zo ba.

Na rufe shago na sati uku. Na zauna na tuno duk wanda na yi wa murɗi tun daga ranar farko, na samu mutum ashirin da uku. Na ɗaura kaskon gawayi da ƙarfen Baba Iro a kariya na shiga bin su gida-gida, gidan biredi, mahauta, bakin kasuwa. Kowanne sai na gaya masa abin da na yi kafin na taɓa kekensa, na kuma gaya masa halin fitilar in ta mutu da zafi. Wani ya yi dariya ya ce ai tasa lafiya take, da na ɓare salatif ya ga baƙin sai ya daina. Wani mahauci ya zage ni tas a gaban abokan aikinsa, ya ce na cire kayana gaba ɗaya, na cire. Labari ya zaga. Layin da ke ƙofar shagona ya watse, sunan Habu Rana ya koma abin tsokana, masu wucewa suna cewa rana ta faɗi. Na koma faci da famfo kamar shekarata ta biyu a Gwammaja, na yi fiye da shekara a haka kafin wani ya sake ba ni fitila. Kafin nan ma waɗannan ƙananan fitilun na caji da kuke sawa yanzu sun fara shigowa, farar wuta ta fara ja da baya.

Cikin ashirin da ukun na samu ashirin da biyu. Na ƙarshen wani ɗan dako ne, Sale, daga wani ƙauye ta wajen Katsina. Da na je inda suke tarar motoci aka ce ya tafi gida girbi, da kekensa. Ba shi da wayar hannu. Na tambayi sunan ƙauyen, wannan ya ce kaza, wancan ya ce ba nan ba ne. Na koma bayan girbi, na koma da rani, na koma shekarar da ta biyo. Na samu Sale har huɗu a wurin, babu nawa a ciki.

Ina gaya wa kaina batirin ya daɗe da mutuwa, ya cire fitilar ya yar, ko ya sayar da keken. Wataƙila haka ne. Amma har gobe, in ina aiki a nan na hango ɗan dako ya taho yana ɗingishi, ko hannunsa a shanye, sai na ajiye filaya na bi fuskarsa da kallo har ya wuce.